Tsoffin motocin Amurka masu ƙwanji: me ke kai farashinsu miliyoyi a gwanjo, kuma ko sun cancanci kuɗin?

A ranar 10 ga watan Janairun 2020, a garin Kissimmee na jihar Florida a Amurka, an turo wata koriyar mota ƙirar Ford Mustang ta shekarar 1968 gaban dubban ƴan kallo. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin jikinta, ba a taɓa sabunta ta ba. Aka yi ta tayi har aka sallama ta a kan dala miliyan 3 da dubu 400. Da aka haɗa da la'adar gidan gwanjo, kuɗin suka kama miliyan 3 da dubu 740. Dalar Amurka ake nufi a duk wannan bayani, ba dalar nan ta sefa biyar ba. Idan an lissafa kowace dala a kan sefa 600, kuɗin motar sun haura miliyar biyu na sefa. Iyalin da suka sayar da ita sun saye ta ne a 1974.

A tashoshin sayar da motocin hannu na Maraɗi ko Yamai, tsufa da yawan tafiya su ke karya kuɗin mota. A wannan kasuwa ta Amurka lissafin ya sha bamban, kuma ko a can ɗin ana ta muhawara kan ko farashin yana da tushe ko kuwa zafin kasuwa ne kawai.

Mece ce mota mai ƙwanji?

Amurkawa na kiran irin waɗannan motoci “muscle car”, wato mota mai ƙwanji. Mota ce matsakaiciya mai ƙofa biyu, ƙirar Amurka, wadda aka ɗora wa babban inji mai silinda takwas irin na manyan motoci, tayoyin baya ke tura ta, aka kuma sa mata kuɗin da matashi mai albashi zai iya biya. Zamaninsu gajere ne: daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970.

Galibin masana na fara tarihin ne daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors, uwar Pontiac, yana da dokar cikin gida da ta hana sa wa matsakaitan motoci injin da ya wuce lita 5.4. Injiniya John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye dokar: suka bar motar Tempest LeMans yadda take, suka mai da inji mai lita 6.4 wani ƙari da mai saye zai nema da kansa, a kan kuɗin da bai kai dala 300 ba. An yi hasashen sayar da guda 5,000. A shekarar farko an sayar da sama da 32,000, a 1966 kuma kusan 97,000.

Ganin haka sauran kamfanoni suka shigo. Chevrolet ya fito da Chevelle SS, wadda a 1970 injinta mafi ƙarfi, mai lita 7.4, ya kai ƙarfin doki 450. Dodge ya fito da Charger, Plymouth ya fito da Road Runner a 1968 a kan ƙasa da dala 3,000. Kamfanin Chrysler, mai Dodge da Plymouth, shi ne mai injin da ya fi kowanne suna, wato Hemi mai lita 7 da ƙarfin doki 425, wanda aka sa wa motocin kan titi daga 1966 zuwa 1971. Akwai kuma ƙananan ƴan uwansu irin su Mustang, Camaro, Barracuda da Challenger. Masu tsattsauran ra'ayi na ware su a wani aji dabam, amma kasuwa ta haɗa su duka wuri guda idan dai babban inji ne a cikinsu.

Wasu an ƙera su ne don tsere kawai. Hukumar tseren NASCAR ta sharɗanta cewa sai kamfani ya fitar da mota 500 ga jama'a kafin a yarda irinta ta shiga fili. Don haka Dodge ya ƙera Charger Daytona guda 503 a 1969, mai tsinin hanci da dogon fiffike a baya. A watan Maris na 1970, direba Buddy Baker ya haura gudun kilomita 320 a awa da irinta a filin Talladega.

Yadda zamaninsu ya ƙare

Abubuwa uku suka taru suka kashe kasuwar. Na farko kamfanonin inshora ne, waɗanda suka ga yawan haɗarin da matasa ke yi da motocin, suka tsawwala musu kuɗi. Na biyu dokar tsabtace iska ta 1970, wadda ta tilasta rage hayaƙi da komawa man fetur marar dalma, abin da ya sa kamfanoni suka rage ƙarfin injuna daga 1971. Na uku takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoban 1973, wanda ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Motar da ke shan sama da lita 20 a kilomita 100 ta zama kaya a wuyan mai ita.

A tsakiyar shekarun 1970 ana sayar da su da araha. Da yawa an farfasa su a haɗari, wasu tsatsa ta cinye, wasu an cire injunansu an sa wasu. Daga baya wasu daga cikin sunayen ma suka ɓace: an rufe Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010.

Manyan cinikin da aka yi

Gidajen gwanjo biyu suka fi rinjaye a wannan fanni: Barrett-Jackson, wanda aka kafa a 1971 a Scottsdale ta jihar Arizona, da Mecum, wanda aka kafa a 1988. Ga wasu daga cikin cinikin da aka fi ambata:

Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai rufin da ake naɗewa: dala miliyan 3 da dubu 500, a Seattle, 2014.

Shelby GT500 Super Snake ta 1967, wadda guda ɗaya tak aka ƙera: miliyan 1 da dubu 300 a 2013, sannan miliyan 2 da dubu 200 a 2019.

Mustang ta fim ɗin Bullitt: miliyan 3 da dubu 740, a 2020.

Shelby GT350R ta 1965, motar gwaji da direba Ken Miles ya yi tsere da ita: miliyan 3 da dubu 850, a 2020.

Chevrolet Camaro ZL1 ta 1969, ɗaya daga cikin 69 da aka ƙera: sama da miliyan 1, a 2020.

A 2021 an taya wata Hemi Cuda ta 1971, wadda Faransa aka kai ta tun tana sabuwa, dala miliyan 4 da dubu 800. Mai ita ya ce albarka, aka mai da ita gida.

Abubuwa huɗu da ke yanke farashi

Na farko ƙaranci. Abin mamaki shi ne yawancin motocin da suka fi tsada a yau sun yi ƙaranci ne saboda mutane sun ƙi su a lokacinsu. A 1971 wanda ke son injin Hemi a cikin Cuda sai ya ƙara kusan dala 900, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar, ga inshora mai tsada a kai. Masu son gudu kuma ba sa son mai buɗaɗɗen sama, don ta fi nauyi. Shi ya sa waɗanda suka haɗa abubuwan biyu ba su wuce goma sha biyu ba a duk shekarar. Haka Camaro ZL1, mai injin alminiyam: kuɗinta ya haura dala 7,000, fiye da ninkin Camaro ta yau da kullum, har dillalai suka sha wahalar sayar da ita. Plymouth Superbird ta 1970 ma ta daɗe a ajiye a shagunan dillalai ba mai tayawa.

Na biyu takardu. Jikin Cuda mai ƙaramin inji da na mai Hemi kusan iri ɗaya ne, kuma ƙwararren makaniki na iya mai da ta farko ta koma kamar ta biyu. Don haka kasuwa na neman shaida. Ana duba lambar jikin mota a gwada da lambar da aka buga a kan inji da akwatin giya, don a tabbatar da su ta fito daga masana'anta. Ana neman takardar haɗi da ma'aikata ke cusawa a ƙarƙashin kujera, da rasiɗin dillalin farko, da jerin waɗanda suka mallake ta. Ga motocin Ford daga 1967 akwai rahoton Marti, wanda ake cirowa daga kundin kamfanin. Ga motocin Pontiac ma akwai ofishin da ke ba da kwafin takardun asali. Motoci biyu na iya tsayawa gefe da gefe ba mai iya bambanta su da ido, amma mai cikakkun takardu ta ninka ɗayar sau da yawa a kuɗi.

Na uku labari. Mustang ɗin Kissimmee ita ce ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, a tseren kusan minti goma a titunan San Francisco. A 1977 McQueen ya rubuta wa mai ita wasiƙa yana neman ya sayar masa, aka ƙi. Motar ta ɓace wa jama'a shekaru da dama, sai a 2018 aka fito da ita a baje kolin motoci na Detroit. Mustang irinta ta shekarar da ba ta da wannan labari ba ta kusantar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin. A nan tsatsar ma daraja ce, domin ita ke nuna ba a taɓa motar ba.

Na huɗu masu saye. Amurkawan da aka haifa tsakanin 1946 da 1964 su ne matasan zamanin motocin. Da yawansu sun yi sha'awarsu ba su da halin saye, ko sun saya sun sayar da aure da haihuwa suka zo. Da suka manyanta suka tara dukiya, suka koma neman motar ƙuruciyarsu. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake nuna gwanjon Barrett-Jackson kai tsaye a talabijin, kuma attajirai biyu da ke tayi gaban kyamara ba wanda ke son a ga shi ya janye.

Hujjar masu cewa kuɗin sun dace

Masu wannan ra'ayi na cewa kuskure ne a auna waɗannan motoci da ma'aunin abin hawa. Kayan tarihi ne, kamar zanen hannu ko tsohon kundi, kuma adadinsu ba zai ƙaru ba har abada. Ana iya ƙera sabuwar mota da ta fi Hemi Cuda kyau da gudu, amma ba a iya ƙera wata ta 1971. A gwanjo kuma ba a tilasta wa kowa. Farashin da aka sallama a bainar jama'a shi ne abin da aƙalla mutum biyu suka yarda su biya ko su kusanta.

Suna kuma kwatanta su da motocin Turai. An sayar da Ferrari 250 GTO a kan dala miliyan 48 da dubu 400 a 2018. A watan Mayun 2022 an sayar da Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut a kan euro miliyan 135, sama da miliyar 88 na sefa. An ƙera Ferrari 250 GTO guda 36, wato ninki uku na Hemi Cuda mai buɗaɗɗen sama ta 1971. A wannan ma'auni, in ji su, motocin Amurka arha ne.

Hujja ta uku ita ce kuɗin gyara. Mai da tsohuwar mota yadda ta fito daga masana'anta, har da ƙusoshi da alamun fenti irin na asali, aiki ne na dubban sa'o'i a hannun ƙwararru, kuma kuɗinsa kan haura dala 100,000. Motar da aka gama gyarawa aka sayar a kan dala 80,000 sau da yawa ba ta mai da wa mai ita abin da ya kashe ba.

Hujjar masu cewa an wuce gona da iri

Masu suka na farawa da motar kanta. An ƙera su ne a jere, dubbai a rana, da kayan da ba su da tsada. Da yawa sun fito da birki mai rauni idan aka kwatanta da ƙarfin injin, kuma ba sa riƙe hanya a kwana. Hemi Cuda na kai gudun kilomita 100 a awa cikin kusan daƙiƙa shida, abin da motocin iyali da dama ke yi a yau. Dodge Challenger Hellcat ta 2015 ta fito da ƙarfin doki 707, da na'urar sanyaya ciki da garanti, a kan kimanin dala 60,000. Ferrari 250 GTO kuwa da hannu aka ƙera jikinta, kuma ta ci gasar duniya. Hemi Cuda ta bambanta da dubban ƴan uwanta ne da zaɓin da wani ya yi a takardar oda.

Sai batun riba. Tarihin kasuwar ya nuna farashin na faɗuwa kamar yadda yake tashi. A watan Janairun 2006, kasuwa na kan ganiyarta, an sayar da wata Chevelle ta 1970 mai buɗaɗɗen sama, wadda ta yi suna a tsere, a kan sama da dala miliyan 1 da dubu 200. A 2009, bayan rikicin bankuna na 2008, an sake sayar da ita a kan ƙasa da dala 300,000. Da yawa daga masu sayen waccan lokaci da rancen banki suka saya, suna jingina da gidajensu, kuma da darajar gidaje ta faɗi sai motoci suka bi. Ko a lokacin da kasuwa ke da ƙarfi ba tabbas: Shelby ɗin Ken Miles da aka saya miliyan 3 da dubu 850 a 2020, an sake sayar da ita a Janairun 2022 a kan miliyan 3 da dubu 750.

Akwai kuma ruɗin hauhawar farashi. Dala ɗaya ta 1970 daidai take da kusan dala takwas na yau. Motar da aka saya dala 4,000 a 1970 aka sayar dala 40,000 a yau, a ido ta ninka sau goma, amma a ƙarfin saye ƙarin bai taka kara ya karya ba, kuma ba a cire kuɗin ajiyar shekara hamsin ba.

Matsala ta ƙarshe ita ce jabu. Inda lambar inji ke iya ƙara wa mota dubban ɗaruruwan daloli, dole a samu masu goge lamba su buga wata, da masu buga takardun bogi. A tsakanin masu tara motocin akwai zolayar da ake yi cewa wasu nau'o'in sun fi yawa a yau fiye da adadin da masana'anta ta ƙera.

Ɗawainiyar da ba a gani a talabijin

Adadin da ake shelantawa ba shi ne ke shiga aljihun mai mota ba. A manyan gidajen gwanjon Amurka mai saye kan biya la'adar kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin sallama, mai sayarwa ma a cire masa nasa kaso, ban da kuɗin rajista da na ɗauko mota a rufaffiyar tirela. Wanda ya saya yau ya sayar gobe a kan kuɗi ɗaya ya yi asara mai yawa.

Mota kuma ba ta haihuwa tana ajiye. Ba ta kawo haya kamar gida, ba ta ba da riba kamar hannun jari. Tana buƙatar ɗaki marar danshi, da inshora ta musamman, da makaniki da ya san tsoffin injuna. Robobi na bushewa, mai na lalacewa a tanki. Mai motar miliyoyi kuma ba ya iya morar ta yadda yake so, domin idan injin asali ya fashe babban kaso na darajarta ya tafi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda kasuwar ta dosa

Farashi ya sake tashi daga 2020 zuwa 2022, lokacin annobar korona, da kuɗin ruwa ya yi ƙasa kuma gwanjon intanet irin na Bring a Trailer ya bunƙasa. Daga baya ya lafa. Tambayar da ta fi damun masu lura da kasuwar, irin su kamfanin inshorar tsoffin motoci na Hagerty, ita ce ta shekaru. Mafi ƙanƙanta a cikin zuriyar 1946 zuwa 1964 ya kai shekara sittin a 2024. An taɓa ganin irin haka da motocin Ford na kafin yaƙin duniya na biyu, waɗanda farashinsu ya tsaya cik bayan masu ƙaunarsu sun tsufa. Masu tasowa sun fi karkata ga motocin ƙuruciyarsu, irin su Toyota Supra da Nissan Skyline na shekarun 1990. A 2021 an sayar da Supra ta fim ɗin Fast and Furious a kan dala 550,000.

Sai dai finafinai da wasannin bidiyo sun sa matasa da dama sun san Charger da Mustang. Dodge ya daina ƙera Challenger, Chevrolet ya daina Camaro, duka a ƙarshen 2023, abin da wasu ke ganin zai ƙara wa tsoffin daraja. Akwai kuma sabon salo na ɗaukar tsohon jiki a sa masa inji, birki da na'urorin zamani, kuma irin waɗannan a wasu lokuta suna fin na asali kuɗi a gwanjo.

Idan aka haɗa hujjojin, kasuwa biyu ce a ƙarƙashin suna ɗaya. A sama akwai ƴan tsirarun motoci da adadinsu sananne ne, takardunsu cikakku, tarihinsu a rubuce. Farashinsu na da tushe irin na kowane kayan tarihi, ko da yake yana hawa yana sauka da yanayin aljihun attajirai. A ƙasa akwai dubban ɗaruruwan GTO, Chevelle da Mustang na yau da kullum, waɗanda ake sayarwa a kan dubban daloli kaɗan zuwa ƴan gomiya, kuma labaran miliyoyi kan sa masu su tsawwala kuɗi. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu don ya tuƙa ya ji ƙarar injin, ya san abin da ya biya wa. Wanda ya saya da rance yana jiran ta ninka, darajar motarsa ta rataya ne a kan ko ƴaƴa da jikokin masu sayen yau za su so ta kamar yadda iyayensu suka so ta.